Hubble da Webb: madubai biyu masu ɗauko hoton abinda ya wuce

A cikin watan Disamba na shekarar 1995, Robert Williams, darektan cibiyar da ke tafiyar da aikin madubin hangen nesa na Hubble a birnin Baltimo na Amurka, ya yanke wata shawara wadda wasu manyan masana suka ɗauka ɓarnar dukiya ce. A lokacin, masana na ƙasashe daban-daban layi suke yi domin su samu ƴan awoyi da wannan madubi, yawancinsu kuma ba su samu. Shi kuwa darektan sai ya ɗauki kwana goma cur daga cikin lokacin da tsarin aiki ya ware masa, ya sa aka kafa wa wani ɗan gurbi na sama ido, wurin da babu tauraro mai haske, ba a kuma san da wani abin kirki a cikinsa ba. Ƙanƙantar gurbin ta kai kamar lemu guda da aka aje a nisan metir 100, wato kashi ɗaya cikin miliyan 24 na faɗin sama.

Daga ranar 18 zuwa ranar 28 ga watan, madubin ya ɗauki hoto 342 na wannan wuri, aka haɗa su suka zama hoto guda. Da aka nuna shi ranar 15 ga Janairu 1996, sai ga wurin da ake tsammanin wayam ne ya cika maƙil da ɗige-ɗigen haske wajen dubu 3. In ban da ƴan ƙalilan, kowane ɗigo galaksi ne, wato garke guda na taurari wanda ke iya ƙunsar miliyoyi ko miliyoyin miliyoyinsu. Gani ya kori ji. Tun daga ranar, hotunan da ake ɗaukowa daga sararin samaniya suka zama ma'aunin da ake auna girman halitta da shekarunta.

Dalilin kai madubi sama

Duk wanda ya ɗaga kai da dare ya san taurari suna ƙyaftawa. Ƙyaftawar nan ba daga taurarin take ba. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke motsi, tana karkata hasken kafin ya iso ido, kamar yadda kwalta mai zafi ke sa a ga mota daga nesa tana rawa da tsakar rana. Ga kuma gizagizai, ga ƙura, ga hazon hunturu, ga fitilun birane. Bayan haka akwai wasu nau'o'in haske da iskar ke shanyewa ɗungum, ba su isowa ƙasa ko kaɗan. Saboda haka komi girman madubin da aka gina bisa dutse, yana kallon sama ne kamar mai leƙe ta cikin ruwa.

Tun a shekarar 1946 wani masani Ba'amurke mai suna Lyman Spitzer ya rubuta cewa maganin wannan matsala shi ne a ɗora madubin can sama da iska. Sai da aka yi shekara 44 kafin maganarsa ta tabbata. Ranar 24 ga Afrilu 1990, kumbon Discovery ya tashi da madubin Hubble, aikin haɗin guiwa na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da takwararta ta Turai. Tsawonsa metir 13, nauyinsa wajen tan 11, kamar babbar motar safa. Faɗin gilashinsa metir 2 da santimetir 40. Yana shawagi wajen kilometir 500 bisa duniya, nisan da bai kai hanyar Yamai zuwa Maraɗi ba, yana kuma gama kewaya duniya cikin minti 95.

Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba

Murna ba ta daɗe ba. Wata biyu bayan tashin madubin, a cikin Yuni 1990, aka gane hotunansa dishi-dishi suke. Bincike ya nuna cewa kamfanin da ya goge gilashin ya yi aikinsa da kyau ƙwarai, amma bisa ma'aunin da aka harhaɗa ba daidai ba. Gefen gilashin ya baje fiye da kima da abinda bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin mutum ba. Wannan ɗan kuskure ya isa ya hana haske taruwa wuri guda. Jaridu suka yi ta ba'a, ƴan majalisar Amurka suka yi ta tambayar inda kuɗin jama'a suka shiga, domin an riga an kashe wajen dalar Amurka miliyar ɗaya da rabi. Miliyar ɗaya kuwa ita ce miliyan dubu.

Abinda ya ceci aikin shi ne an san girman kuskuren daidai wa daida. Wanda idonsa ya samu matsala ba a canza masa ido, tabarau ake yanka masa. A cikin Disamba 1993, ƴan sama jannati bakwai suka tafi cikin kumbon Endeavour, suka cafko madubin, suka fita waje sau biyar suna aiki, suka saka masa sabuwar kamara da wasu ƙananan gilasai masu gyara hasken. A Janairu 1994 hotuna suka fito tar. An sake zuwa gyaransa sau huɗu, a 1997, 1999, 2002 da 2009, kowane zuwa ana sauya masa kayan aiki da waɗanda suka fi su.

Wata bakwai bayan gyaran farko, madubin ya nuna amfaninsa a gaban duniya. Daga 16 zuwa 22 ga Yuli 1994, gutsattsarin wani tauraro mai wutsiya da ake kira Shoemaker-Levy 9, su fiye da 20, suka faɗa wa Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari, ɗaya bayan ɗaya. Hubble ya ɗauko baƙaƙen tabon da suka bari, wasu sun kai girman duniyar ƴan Adam. Karon farko kenan da aka ga irin wannan karo da ido, kuma ya sa hukumomi suka ƙara ƙaimi wajen ƙidayar duwatsun da ke yawo kusa da duniya.

Haske matafiyi ne

Domin a fahimci abinda hotunan ke nunawa, sai an riƙe abu ɗaya. Haske tafiya yake yi, tafiya kuwa tana cin lokaci. Yana gudun kilometir dubu 300 a sakan guda, babu abinda ya fi shi sauri, amma duk da haka bai isa nan take. Hasken wata na isowa cikin sakan ɗaya da ɗan ɗori. Na rana yana yin minti 8 da sakan 20 a hanya. Wanda ya dubi rana, ranar minti takwas da suka wuce yake gani.

Da an bar kewayen rana sai kilometir ya gaza, shi ya sa masana ke awo da shekarar haske, wato nisan da haske ke ci cikin shekara guda, wajen kilometir miliyar dubu 9 da 460. Tauraron da ya fi kusa da rana yana nisan shekarar haske huɗu da ƴan watanni. Kaza da Ƴaƴanta, waɗanda manoma da makiyaya suka sani sarai, suna nisan shekarar haske wajen 440. Hasken da ke shiga idon mai kallonsu a daren yau ya baro su tun ba a kafa sarautar Damagaram ba, balle garin Maraɗi. Farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Faransawa ke kira hanyar madara, shi ne galaksin da rana ke ciki, ana hango shi daga ciki. Faɗinsa wajen shekarar haske dubu 100, taurarinsa sun haura miliyar 100, rana kuwa ɗaya ce daga cikinsu.

Haske kamar wasiƙa ce da ta daɗe a hanya: labarin ranar da aka rubuta ta take bayarwa. Saboda haka duk madubin da ya hangi nesa, baya yake hange. Hoton 1995 ya tara zamunna da yawa a shafi guda. Galaksin da ke kusa sun fito da siffarsu cikakkiya, wasu kamar faifai mai hannuwa a murɗe, wasu kamar ƙwai. Na can ƙurya kuwa, waɗanda haskensu ya yi fiye da shekara miliyar 10 a hanya, ƙanana ne, ba su da tsari, wasu suna cin karo da juna. Daga nan aka tabbatar da cewa galaksi ba a haife su da girmansu ba. Ƙanana ne suka yi ta haɗuwa har suka zama manya, kamar yadda ƙauyuka ke haɗewa su zama birni. A 2004 Hubble ya sake irin wannan aiki a wani gurbin dabam, ya tara haske na fiye da kwana 11, aka ƙidaya galaksi wajen dubu 10. Ko'ina aka duba haka abin yake, shi ya sa masana ke ƙiyasta yawan galaksin da ake iya hangowa da ɗaruruwan miliyar.

Yadda aka auna shekarun sararin samaniya

Sunan madubin ya fito daga Edwin Hubble, masanin da ya yi aiki a dutsen Wilson na jihar Kalifoniya. Kafin zamaninsa, masana da yawa sun ɗauka galaksin da rana ke ciki shi ne iyakar halitta. Mabuɗin ya fito daga hannun wata mata, Henrietta Leavitt, wadda ta nuna a 1912 cewa akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa bisa ƙa'ida, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana faɗin ainihin ƙarfin haskensu. Direban da ya san ƙarfin fitilar mota yana iya ƙiyasta nisan motar da ke tafe da dare daga yadda fitilarta ta dusashe. Haka masani ke yi da waɗannan taurari. A 1923 Edwin Hubble ya gano irinsu a cikin Andromeda, lissafi ya nuna cewa wani galaksi ne mai zaman kansa. A yau an san nisansa shekarar haske miliyan biyu da rabi ne.

A 1927 Georges Lemaître, ɗan ƙasar Beljik, ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. A 1929 awon Edwin Hubble ya goyi bayan haka: galaksi suna nisantar juna, wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. In kuwa suna rabuwa, to a da can suna haɗe, cikin wani hali na tsananin zafi da matsi. Wanda ya san saurin faɗaɗar yana iya lissafa lokacin da ta fara. Matsalar ita ce, har zuwa 1990 masana sun rabu biyu, wasu na cewa shekara miliyar 10, wasu miliyar 20. Warware wannan gardama na daga cikin manyan dalilan ƙera madubin Hubble.

Ƙungiyar masana ƙarƙashin Wendy Freedman ta yi shekaru tana farautar taurarin Leavitt a galaksi masu nisa, ta fitar da sakamakonta a 2001, kuskuren awon ya sauko zuwa kashi 10 cikin ɗari. Daga baya wani tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Planck ya ɗauki hoton haske mafi tsufa da ake iya gani, wanda ya bazu shekara dubu 380 bayan farkon faɗaɗar. Sakamakonsa na 2013 ya ba da shekara miliyar 13 da miliyan 800. Rana da duniya kuwa shekarunsu wajen miliyar 4 da miliyan 600, wato sun zo ne bayan kashi biyu cikin uku na labarin ya wuce.

Ana cikin wannan awo aka ci karo da abin mamaki. Kowa ya ɗauka faɗaɗar tana rage gudu, tunda nauyin abubuwa yana jawo su ga juna. A 1998 ƙungiyoyi biyu masu nazarin fashewar taurari masu nisa, da madubai na ƙasa da kuma Hubble, suka gano cewa ƙara gudu take yi. Saul Perlmutter, Brian Schmidt da Adam Riess sun samu kyautar Nobel a 2011 saboda wannan.

Webb, mai ganin abinda ido bai gani

Akwai iyakar da Hubble bai iya wucewa. Yayin da haske ke tafiya cikin sararin da ke faɗaɗa, shi ma miƙewa yake yi, kamar zanen da aka yi bisa roba sa'an nan aka ja ta. Shuɗin haske ya koma ja, ja ya wuce zuwa wani nau'in da ido bai gani, wanda ake kira infraruj. Shi ne zafin da fata ke ji kusa da garwashi ko da an rufe ido. Hasken galaksin farko duka ya koma can. Domin a gan su sai da wani madubi dabam, wanda ya fi girma, mai tsananin sanyi, domin kada zafin jikinsa ya makantar da shi.

Wannan shi ne madubin James Webb, aikin Amurka da Turai da Kanada. Da farko an yi fatan harba shi a 2007. Jinkiri ya bi jinkiri, kuɗi suka yi ta hauhawa, har a 2011 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke aikin. A ƙarshe ya tashi ranar 25 ga Disamba 2021 bisa roka Ariane 5 daga Kuru, a Giyan ta Faransa. Faɗin gilashinsa metir 6 da rabi, an yi shi da ɓangarori 18 masu kusurwa shida, aka shafe su da zinariya wadda duka-duka ba ta wuce garam 48 ba. Yana da laima mai rufi biyar, tsawonta metir 21, faɗinta metir 14, wadda ke kare shi daga rana. Ɓangaren da ke fuskantar rana zafinsa ya haura digiri 80, ɓangaren inuwa kuwa sanyinsa ya kai digiri 230 ƙasa da sifiri.

Duk wannan kaya an naɗe shi ne cikin rokar kamar laimar ɗan kasuwa, ya riƙa buɗewa da kansa a hanya. Injiniyoyi sun ƙidaya wurare 344 waɗanda in ɗaya ya ƙi aiki, aikin duka na iya lalacewa. Ba a kuma tanadi zuwa gyara ba, domin mazauninsa na nisan kilometir miliyan ɗaya da rabi, wato ninki huɗu na nisan wata. Darasin 1990 ya yi amfani, an gwada komi an sake gwadawa. Ya isa mazauninsa ranar 24 ga Janairu 2022 lafiya lau.

Ranar 11 ga Yuli 2022 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nuna hotonsa na farko. Gurbin da aka ɗauka bai fi ƙwayar rairayi da aka riƙe a tsawon hannu ba, an kuma tara haskensa cikin awa 12 da rabi kawai. A tsakiya akwai tarin galaksi wanda haskensa ya taso shekara miliyar 4 da miliyan 600 da suka wuce, daidai lokacin da rana da duniya ke kan samuwa. A kewayensa ana ganin wasu jajayen layuka a lanƙwashe kamar baka. Waɗannan galaksi ne da ke can bayansa. Nauyin tarin ne ya lanƙwasa hanyar haskensu, ya ƙara masa ƙarfi, kamar yadda Albert Einstein ya faɗa tun a 1915 cewa nauyi na karkata haske.

Tun daga nan Webb ke ta matsa iyaka baya. A 2024 aka ba da labarin wani galaksi da aka gani yadda yake shekara miliyan 290 bayan farkon faɗaɗar, a 2025 aka samu wani na shekara miliyan 280. In aka kwatanta shekarun sararin samaniya da dattijo ɗan shekara 70, to an samu hotonsa yana ɗan shekara ɗaya da rabi. Abinda ya ɗaure wa masana kai shi ne, galaksin farkon nan sun fi yawa, sun kuma fi haske, bisa abinda lissafinsu ya tanada. Ke nan taurari sun fara samuwa da wuri, da sauri kuma, fiye da yadda aka zata.

Infraruj na da wani amfani: yana ratsa ƙura. A 1995 Hubble ya ɗauki hoton da ya fi kowane shahara, na wasu ginshiƙai uku na ƙura da iskar gas, a nisan shekarar haske wajen dubu 6 da 500, waɗanda aka yi wa laƙabi da Ginshiƙan Halitta. Mafi tsawonsu ya kai shekarar haske huɗu. A cikinsu ake haihuwar sababbin taurari, amma ƙura ta rufe su. Da Webb ya sake ɗaukar wurin a 2022, sai ƙurar ta zama shara-shara, jariran taurarin suka fito jajur. A shekarar ce kuma ya gano iskar karbon a kewayen wata duniyar da ke zagaya wani tauraro mai nisan shekarar haske 700, ta hanyar nazarin hasken tauraron da ya ratsa iskarta. Da wannan dabara ake fatan wata rana a gane ko akwai wata duniyar da ke da iska irin ta rayuwa.

Launukan na gaskiya ne?

Mai hankali na iya tambaya ko waɗannan hotuna masu ƙyalli ba ƙawa aka yi musu ba domin a burge masu biyan haraji. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ba ɓoyayya ba ce. Kamarar madubin ba ta ɗaukar launi. Ƙidayar haske take yi, ta aiko da lambobi, waɗanda ke zama hoto baƙi da fari. Ana ɗaukar wuri guda sau da yawa, kowane karo ta cikin matacin da ke barin nau'in haske ɗaya kaɗai ya wuce. Daga baya a ba kowane hoto launi, a haɗa su. A hoton ginshiƙan nan na 1995, an ba hasken haidirojin tsanwa, na farar wuta ja, na oksijin shuɗi. Na Webb kuwa, tunda ido bai ganin infraruj, sai a bi jeri: mafi miƙewa ya zama ja, mafi gajarta ya zama shuɗi.

Launin fassara ce, kamar yadda taswira ke nuna kogi da shuɗi, tuddai da ruwan ƙasa. Siffofi da wurare da ƙarfin hasken su ne abinda aka auna, ba a ƙara tauraron da babu shi. Lambobin asali kuma suna aje a taskar cibiyar Baltimo. Wanda ya nemi a ɗauki hoton yakan riƙe su na ɗan lokaci, galibi bai wuce shekara guda ba, daga nan su zama na kowa, duk mai shakka ya ɗauko ya sake lissafi.

Tiya biyu sun saɓa

Hotunan sun amsa tambayoyi, sun kuma buɗe waɗanda suka fi su girma. Lissafin da ya dace da awon Planck ya nuna cewa duk abinda ake gani, taurari da duniyoyi da ƙura da mutane, bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abinda ke akwai ba. Wajen kashi 27 wani abu ne mai nauyi wanda bai ba da haske, ana gane shi ne daga yadda yake jan galaksi da lanƙwasa haske. Sauran kashi 68 shi ne ƙarfin da ke tura faɗaɗar tana ƙara gudu. Masana sun raɗa wa biyun suna, baƙin abu da baƙin ƙarfi, amma suna kawai suka ba su, ba su san ko mene ne ba. Ɗan kasuwar da ya san buhu biyar kaɗai cikin ɗari na kayan da ke sitonsa, ya san bai gama lissafi ba. Domin wannan ne Turai ta harba madubin Euclid ranar 1 ga Yuli 2023, da nufin ya zana taswirar kashi ɗaya cikin uku na sama cikin shekara shida.

Akwai kuma rigimar saurin faɗaɗar kanta. Hanyar Planck, mai farawa daga haske mafi tsufa, tana ba da lamba 67. Hanyar taurarin Leavitt, wadda ƙungiyar Adam Riess ke bi da Hubble, tana ba da 73. Lambobin na nufin kilometir nawa a sakan gudun ke ƙaruwa ga kowane ƙarin nisa na shekarar haske miliyan 3 da dubu 260. Bambancin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, amma kowane ɓangare na cewa kuskurensa bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba. In an auna buhu guda da tiya biyu aka samu adadi biyu, ko dai tiya ɗaya ta lotsa, ko kuma akwai abinda ba a sani ba game da buhun. An sa Webb ya sake duba taurarin da Hubble ya auna, ya samu awon Hubble daidai ne. Ƙungiyar Wendy Freedman kuwa, da wasu taurari dabam, ta samu lamba tsakanin biyun. Har yanzu ba a raba gardamar ba.

Kuɗin da aka zuba da abinda ya rage

Webb ya ci wajen dalar Amurka miliyar 10 cikin fiye da shekara 20, abinda ya haura sefa miliyar dubu 5, ya kuma zarce kasafin kuɗin ƙasar Nijar na shekara guda nesa ba kusa ba. A Amurka kanta an yi ta muhawara ko abin ya cancanta. Masu goyon baya na nuna cewa fasahar kamarar Hubble ta shiga na'urorin binciken kansar nono, dabarar auna gilashin Webb kuma ta shiga aikin likitocin ido. Suna kuma tuna ranar 26 ga Satumba 2022, lokacin da NASA ta sa wani kumbo ya daki wani dutse mai suna Dimorphos da gangan, domin a gwada ko ana iya kauda dutsen da ya nufo duniya. Hubble da Webb duka sun ɗauki hoton ƙurar da ta tashi, awo kuma ya nuna an rage wa dutsen fiye da rabin awa a lokacin kewayarsa. Amma babbar ribar ita ce sanin kansa. A 1920 ana gardama ko akwai galaksi fiye da ɗaya. Cikin shekara ɗari an san shekarun sararin samaniya, an kuma ga ƙuruciyarsa.

Hubble ya tsufa. Kumbunan da ke zuwa gyaransa an daina aiki da su tun 2011. A 2024, bayan na'urorin da ke daidaita masa fuska sun yi ta lalacewa, aka koma tafiyar da shi da guda ɗaya, yana aiki amma da ɗan nawa. Ragowar iskar da ke can sama tana jan sa ƙasa sannu a hankali, kuma komi nisan jifa ƙasa zai faɗo: in ba a ɗaga shi ba, ana sa ran faɗowarsa bayan shekarar 2030. Webb kuwa, saboda rokar Ariane ta saita shi daidai, ya tsimi man da zai iya kai shi wajen shekara 20.

Abinda madubai biyun suka tara ba zai faɗo tare da su ba. Hubble kaɗai ya yi awo fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma kaso mai yawa na binciken da ake wallafawa da sunansa daga tsofaffin hotunan taska yake fitowa, a hannun mutanen da ba su taɓa neman lokacin madubin ba. Taskar a buɗe take kyauta ta intanet, ba a tambayar ƙasar mai shiga. Ɗalibin kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, in yana da kwamfuta da layi mai ƙarfi da malamin da zai nuna masa hanya, lambobin da zai samu su ne waɗanda ɗalibin Baltimo ko na Faris ke samu, ba ragi ba ƙari.